Gwajin Alawa: Haƙurin Yaro Ake Aunawa Ko Alƙawarin Manya?

Da ƙaramar sallar da ta wuce na je gida Balan, a ƙaramar hukumar Gaya. Washegarin salla da la'asar muna zaune a zaure sai wani yayana ya zaro waya ya nuna mana bidiyon da ya gani a Facebook. An zaunar da wani ɗan Bature gaban faranti, an ajiye masa alawa ɗaya, an ce in ya jira har a dawo bai ci ba za a ƙara masa wata. A ƙasan bidiyon wani ya rubuta da Hausa cewa wai masana kimiyya sun tabbatar yaron da ya jira shi zai yi arziki, wanda ya cinye kuwa sai dai a bi shi da addu'a. Nan take yayan nawa ya ƙwala wa 'yarsa kira, yarinya 'yar shekara 4, ya ɗora alawa a murfin kwano, ya yi mata bayani, ya jingine waya a jikin bango tana ɗauka, ya ce mu fita. Ko ƙofar zaure ba mu ƙarasa ba ta kai baki. Aka yi dariya, amma tasa dariyar ba ta kai ciki ba. Da daddare ya ce da ni, "To ɗan jami'a, wannan yarinyar anya kuwa?"

Amsar da na ba shi a gurguje ce, ba ta gamsar da shi ba, ni ma ba ta gamsar da ni ba. Ga wadda ta kamata in ba shi, kai ma mai karatu wataƙila bidiyon ya iso wayarka.

Gwajin dai gaskiya ne, an yi shi. Wanda ya ƙirƙiro shi sunansa Walter Mischel, masanin halayyar ɗan adam, kuma ya yi shi ne a makarantar renon yara ta Bing da ke cikin Jami'ar Stanford a Amurka, daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970. Ana shigar da yaro ɗan shekara 4 ko 5 ɗaki shi kaɗai, a ajiye masa abin kwaɗayi, wani lokacin biskit, wani lokacin wata farar alawa mai laushi kamar auduga da suke kira mashmalo. Ana bar masa ƙararrawa. In ya gaji da jira ya kaɗa, babban ya dawo, ya ci ɗaya. In ya daure har babban ya dawo da kansa, ya samu biyu. Yara sama da 600 suka shiga gwajin a tsawon waɗannan shekaru. Daga baya Mischel da abokan aikinsa suka bi sawun wasu daga cikinsu, a 1990 suka wallafa cewa waɗanda suka fi daɗewa suna jira sun fi samun maki a jarrabawar shiga jami'a, iyayensu kuma sun fi yaba natsuwarsu.

Daga nan labari ya fita daga hannun masu shi. A 2009 wani mai laccar zaburarwa, Joachim de Posada, ya tsaya a dandalin TED ya gaya wa duniya cewa duk yaran da suka ƙi cin alawar sun yi nasara a rayuwa, kaf ɗinsu. A 2020, lokacin kullen korona, iyaye suka mayar da abin wasa a intanet, kowa na ɗaukar ɗansa gaban kwanon alawa. Abin da ya iso zaurenmu a Balan jikan jikan wancan binciken ne, kuma a hanya ya zubar da kusan duk kayansa.

Bari mu fara da yaran Bing ɗin. Su wane ne? Galibinsu 'ya'yan malaman jami'ar Stanford ne da ɗalibanta masu karatun digiri na biyu da na uku. Wato yaran da ba su taɓa kwana da yunwa ba, gidajensu cike da littattafai. Sannan a cikin sama da 600 ɗin nan, iyayen 185 kawai aka samu suka amsa tambayoyin binciken 1990, kuma waɗanda aka samu makin jarrabawarsu ba su kai 100 ba. Duk wanda ya taɓa zama ajin ƙididdiga ya san abin da wannan ke nufi: samfuri ƙarami, daga gida iri ɗaya, ba a gina hukunci a kan yaran duniya da shi. Mischel kansa, a littafin da ya fitar a 2014, ya nanata cewa jira fasaha ce da ake koya, ba ƙaddara ce da aka rubuta wa yaro a goshi ba. Amma "ana iya koya" ba ya jawo masu kallo kamar "minti 15 sun nuna makomar ɗanka".

A 2018, shekarar da Mischel ya rasu, Tyler Watts da Greg Duncan da Haonan Quan suka sake auna maganar da yara sama da 900 daga gidaje iri-iri, suka fi mayar da hankali kan waɗanda iyayensu mata ba su gama jami'a ba. An gwada yaran suna shekara 4 da rabi, aka duba karatunsu suna 15. Alaƙa tsakanin jira da ƙoƙari a makaranta tana nan, amma ƙarfinta rabin abin da aka ruwaito a baya ne. Da suka cire tasirin halin gida, ilimin uwa, da kaifin fahimtar yaron tun yana ƙarami, sai kashi biyu cikin uku na alaƙar ya zube. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, yawancin ɗan amfanin da ya rage yana wurin yaran da suka iya jira na daƙiƙa 20 kacal. Wanda ya jira minti 7 bai fi wanda ya jira minti 2 da wani abin a zo a gani ba. A 2020 kuma aka koma kan mutum 113 daga ainihin yaran Bing, lokacin sun doshi shekara 50, aka duba dukiyarsu da iliminsu. Mintocin da suka yi gaban alawa suna yara ba su yi hasashen komai a kai ba. Sunan Mischel yana cikin marubutan wannan takardar.

Kar ka ce ina nufin kamun kai ba shi da amfani. A garin Dunedin na New Zealand an bi yara kimanin 1,000 da aka haifa a 1972 da 1973 tun suna jarirai. Aka auna kamun kansu sau da yawa tsakanin shekara 3 da 11, daga bakin iyaye, malamai, masu bincike da su kansu yaran. Sakamakon da aka fitar a 2011 ya nuna cewa a shekara 32, waɗanda suka fi ƙarancin kamun kai suna yara sun fi fama da rashin lafiya, bashi, shaye-shaye da shari'a. Wannan hujja ce mai nauyi. Amma ka lura, shekara 8 aka yi ana aunawa, ta idanu da yawa. Yayana kuwa daƙiƙa 10 ya yi, da murfin kwano.

To in ba makoma gwajin ke aunawa ba, me yake aunawa? Nan ne maganar ta fi shafarmu.

Wata mai bincike, Celeste Kidd, ta taɓa yin aikin sa kai a gidan da ake tsugunar da iyalan da ba su da muhalli a Kalifoniya. Ta ga cewa a irin wannan wuri, yaron da ya ajiye abinsa wani ne zai ɗauke, alƙawarin manya kuma ba kasafai yake cika ba. Sai ta tambayi kanta: yaron da ya cinye alawa nan take, rashin haƙuri ne ko lissafi? A Jami'ar Rochester ita da abokan aikinta suka ɗauki yara 28 suka raba su gida biyu. Kafin a kawo alawa sai aka ba kowane yaro tsofaffin fensiran kala, aka ce ya jira za a kawo masa sababbi masu kyau. Rabin yaran an kawo musu. Sauran rabin aka dawo hannu rabbana, aka ce a yi haƙuri, babu. Aka maimaita haka da 'yar takardar ado mai manne. Sannan aka yi gwajin alawa. Yaran da aka cika wa alƙawari sun jira kimanin minti 12. Waɗanda aka saɓa wa, minti 3. A rukunin farko 9 cikin 14 suka kai ƙarshen minti 15, a na biyu 1 tak. An wallafa wannan a 2013. Yara 28 ba su da yawa, na sani, kuma ba zan yi wa wannan binciken sassaucin da na hana na Stanford ba. Sai dai bambancin babba ne, kuma saɓa alƙawari sau biyu kawai ya haifar da shi, cikin 'yan mintoci.

Abin mamaki, Mischel ya ga alamar haka tun kafin ya je Stanford. A 1958 ya wallafa gwajin da ya yi a wata makarantar ƙauye a tsibirin Trinidad, inda ya ce wa yara 'yan shekara 7 zuwa 9 su zaɓa: ƙaramar alawa yau, ko babba bayan mako guda. Yaran da ubansu ba ya gida sun fi zaɓar ta yau. Fassarar da ya yi ita ce, ba su da dalilin yarda cewa wani baƙon namiji da ya ce zai dawo da kaya zai dawo.

Yanzu ka dawo da hankalinka gida. Sau nawa aka ce maka kana yaro, "Je ka ɗauko takalminka mu tafi", ka ruga ɗaki, ka fito ka tarar an sulale? Sau nawa mai tafiya kasuwar Wudil ran Juma'a ya ce "yi shiru, zan kawo maka tsaraba", ya dawo ko rake babu, kuma ko a jikinsa? A ƙasarmu ta Gaya da Ajingi, da an gama girbi magidanta da yawa suke tafiya cirani Kano ko Abuja ko Legas, kuma kusan kowa da alƙawarin da yake bar wa yara a bakin ƙofa. Tafiyar ba laifi ba ce, neman halak ne. Abin da yaro ke ƙirgawa shi ne ko abin da aka ce yana zuwa ya zo. Mu a wurinmu wannan ba ƙarya ba ce, dabara ce ta raba yaro da kuka. Haka "dodo zai kama ka", haka "zan kira mai allura". Amma ƙwaƙwalwar ɗan shekara 3 tana tara bayanai kamar kowane mai bincike, kuma abin da bayanan ke gaya mata shi ne maganar manya game da anjima ba abin dogaro ba ce. Yaron da ya kai ga wannan matsaya, in ya ga alawa ya cinye, wallahi lissafinsa daidai ne.

Akwai kuma yunwa, wadda masu bidiyon ba sa ambata. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran jihar Kano 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Yaron da ya karya da koko ba ƙosai, da wanda ya ci ƙwai da madara, in ka ajiye musu alawa ɗaya ba tambaya ɗaya ka yi musu ba.

Wani zai ce, to ai mu yaranmu sun fi na Turawa haƙuri, kowa ya sani. Akwai ma binciken da za ka iya kafa hujja da shi. Bettina Lamm da Heidi Keller na Jami'ar Osnabrück a Jamus sun kai gwajin wurin 'ya'yan manoman ƙabilar Nso a arewa maso yammacin Kamaru, maƙwabtanmu, suka kwatanta su da yaran Jamus, duka 'yan shekara 4. Su yaran Nso fanke aka ajiye musu. Kusan kashi 70 cikin 100 suka jira minti 10 cif, a Jamusawa kuwa kashi 28. Yadda suka jira ɗin ma daban ne. Yaran Jamus suna ta mutsu-mutsu, suna waƙa, suna buga tebur, suna juya baya. Yaran Nso suka zauna shiru ba motsi, wasu har barci ya ɗauke su. Masu binciken sun danganta haka da tarbiyyar iyaye mata na Nso, wadda ta fi ba da ƙarfi ga biyayya da girmama na gaba.

Da na fara karanta wannan na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ce yawwa, ga namu. Amma da na sake tunani sai na ga abu biyu. Na farko, sakamakon ya ƙara rusa labarin bidiyon ne, don in da jira gaban alawa shi ke kawo arziki, da ƙauyukan Nso sun fi Jamus kuɗi. Na biyu, agogo ba ya iya bambance yaron da ya natsu da yaron da ke tsoro. Duka biyun shiru za su yi.

Kafin in shiga maganar tsoro, ga wani bincike da ya fi kowanne burge ni. A 2022 Kaichi Yanaoka da Yuko Munakata da abokan aikinsu suka gwada yara a Kyoto ta Japan da Boulder ta Amurka. Wasu aka ajiye musu alawa, wasu aka ajiye musu kyauta a naɗe cikin takarda. Yaran Japan sun jira abinci kusan ninki uku na yadda suka jira kyauta. Yaran Amurka kuma akasin haka, sun jira kyauta kusan ninki huɗu na yadda suka jira abinci. Dalili? A Japan yaro ya saba ba a fara cin abinci sai kowa ya zauna. A Amurka ya saba ganin kyautar Kirsimeti ko ta ranar haihuwa a naɗe, ba a buɗewa sai lokaci ya yi. Kowane yaro ya iya jiran abin da gidansu ya saba jira.

Ka ga wannan ai mun san shi. Yarinyar nan da ta cinye alawar babanta, a ranar da daddare na gan ta gaban kwanon tuwo da 'yan uwanta, ga tsokar naman salla a tsakiya, ba ta kai hannu ba har babbar yayarsu ta raba. Ba wanda ya tsaya a kanta. Ta san ƙa'idar, ta ga kowa na bin ta, kuma ta san rabonta zai zo, don kullum yana zuwa. Haka yaran da ke yin rabin azumi, su kai azahar, baɗi su kai la'asar, suna ji da kansu. Wannan horon jira ne mai hawa-hawa, a cikin jama'a, da lokacin da aka sani, da lada a ƙarshe. In da wani farfesa ne ya tsara shi da an ba shi suna mai tsawo an kira taro a kai.

Sai maganar tsoro, kuma a nan sukar ta juyo kanmu. Kalmar haƙuri a bakinmu tana ɗaukar kaya da yawa. Yaro ya faɗi ya fasa gwiwa, "yi haƙuri". An ƙwace masa abin wasa an ba ƙaninsa, "yi haƙuri, kai ne babba". Ya ci gaba da kuka, "yi min shiru ko in ƙara maka". In namiji ne a haɗa masa da "namiji ba ya kuka". Abin da muke nema a mafi yawan lokuta shi ne ƙarar ta tsaya. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ke yi tare da UNICEF ya sha nuna cewa fiye da yara 8 cikin 10 a Najeriya, 'yan shekara 1 zuwa 14, an hore su da duka ko tsawa mai muni a cikin wata guda kafin a zo tambaya. Kusan dukkanmu ke nan, har da mai wannan rubutu.

Shin bulala tana koyar da kamun kai? Victoria Talwar da Stephanie Carlson da Kang Lee sun samu wata dama da ba kasafai ake samu ba. A wata ƙasa ta Afirka ta Yamma, wadda ba su bayyana sunanta ba, akwai makarantu biyu masu zaman kansu a gari ɗaya, iyayen yaran masu hali kusan ɗaya. Ɗaya ana duka a kan kowane ƙaramin laifi, ɗayar kuma sai dai faɗa da baki ko a ware yaro na ɗan lokaci. Suka gwada yara 63 da ayyukan da ke buƙatar danne kai, har da jiran lada. A ajin reno ba a ga bambanci ba. A aji ɗaya na firamare kuwa yaran makarantar da ba a duka sun fi. A wani gwajin a makarantun nan biyu, aka ce wa yara 'yan shekara 3 da 4 kar su leƙa abin wasan da aka ajiye a bayansu, aka fita. Yawancinsu sun leƙa, a duka makarantun. Da aka tambaye su, a makarantar da ba a duka kaɗan fiye da rabin masu leƙen ne suka yi ƙarya. A makarantar bulala kusan dukkansu suka yi, kuma sun fi iya kare ƙaryar in an bi su da tambaya. Duka binciken biyu a 2011 suka fito. Makarantu biyu ba su isa a yanke hukunci ba, amma sun dace da abin da Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor suka samu a 2016 da suka tattara bincike 75 a kan yara sama da 160,000: dukan tarbiyya yana tafiya tare da ƙarin faɗa da taurin kai da damuwa, ba a ga inda ya gyara hali ba. Na san amsar da za a ba ni, "mu ai an dake mu kuma ga mu nan". Ga mu nan ɗin, amma ka tsaya a layin mai ko a mahaɗar titi a Kano da yamma ka ga yadda muke da jira in babu mai bulala a kusa.

Dalilin yana cikin yadda ƙwaƙwalwa ke girma. Sashen da ke bayan goshi, wanda ke taka wa mutum birki, ya riƙe ƙa'ida a zuciya, ya auna yanzu da anjima, shi ne mafi jinkirin nuna. Ba ya kammala sai mutum ya haura shekara 20. Sassan da ke kunna tsoro da fushi kuwa tun yaro na goye suke aiki. Saboda haka ɗan shekara 2 ko 3 da ke birgima a ƙasa mota ce mai ƙarfin inji da birkin keke. A wannan lokacin aron natsuwar babba yake yi: muryar da ba ta ɗaga ba, hannun da ya riƙe shi, bayan da aka goya shi. Da maimaici ne abin ke zama nasa. In babban ma ya hau, to an zama mutum biyu masu birgima, ɗaya dai ya fi ƙarfi.

Michael Potegal da abokan aikinsa sun naɗi sautin birgimar yara ta hanyar saka musu riga mai makirufo, suka tarar fushi da baƙin ciki a cakuɗe suke tafiya. Fushin, wato ihu da shure-shure, yana tashi da sauri ya sauka, kukan baƙin cikin ya rage, kuma shi ne ke sa yaro ya nemi a rarrashe shi. Yi wa yaro tambayoyi ko wa'azi a tsakiyar fushin ƙara masa mai ne. Kakanninmu mata da ke cewa "ƙyale shi ya gama", sannan su jawo shi jiki, sun riga Potegal. Abin da zan ƙara a kan nasu shi ne a ba abin suna bayan ya lafa. "Ka ji haushi ne don an karɓe maka." "Tsoro kika ji." Hausa ba ta rasa kalmomin ba: haushi, takaici, ƙyashi, fargaba, kewa, kunya. Yaron da ya iya cewa "na ji haushi" ya samu abin yi da bakinsa wanda ba cizo ba. Kuma faɗin sunan ba ya nufin an ba shi abin da yake wa kukan. Wayar dai ba za a ba shi ba.

Abin da ya fi ba ni takaici da bidiyon nan shi ne ya jefar da ɓangaren aikin Mischel da ya fi amfani. Tambayarsa ta asali ba wane yaro ne zai yi arziki ba ce. So yake ya san me ke sa jira ya yi sauƙi. Ya gano in an rufe alawar yara sun fi daɗewa. In an ce su tuna wani abu mai daɗi da suka taɓa yi, sun fi daɗewa. In an ce su ɗauka alawar gajimare ce, sun fi daɗewa nesa ba kusa ba, in kuma an ce su yi tunanin zaƙinta sai su kaɗa ƙararrawa da wuri. Yaro ɗaya, rana ɗaya, sakamako daban, gwargwadon dabarar da aka ba shi. Waɗanda suka jira ba zuba wa alawa ido suka yi suna cije baki ba, kau da kai suka yi. Mu ma muna da irin wannan a addini, inda aka hori mai fushi ya zauna in a tsaye yake, ko ya yi alwala. Abin yi aka ba shi, ba a ce masa kawai ya daina ji ba. Amma mu sai mu ce wa ɗan shekara 3 "yi haƙuri" mu tsaya nan, ba mu nuna masa yadda ake yi ba.

Wasa ma horo ne. A jihar Oregon ta Amurka, Megan McClelland da Shauna Tominey sun gwada wasannin da'ira na tsaya-ka-tafi a makarantun reno, inda ƙa'ida ke juyawa a tsakiyar wasa, suka ga sun taimaka, musamman ga yaran da suka fara da rauni. Ka dubi namu da wannan idon. A ɓuya dole ka danne dariya da motsi. A 'yar gala-gala da carafke dole ki jira layinki, ki karɓi faɗuwa ba ki watsa wasan ba. A kacici-kacici dole ka riƙe amsa har a gama tambaya. Ra'ayina ne, ba sakamakon gwaji ba, amma ina ganin dandalin da ke mutuwa a garuruwanmu, yara suna komawa kallon waya, ya fi alawar Stanford cancantar a damu da shi.

A 1974 Anthony Kirk-Greene ya rubuta wata 'yar maƙala a kan wanda Bahaushe ke kira mutumin kirki, ya jero halaye goma. Haƙuri na ciki, haka gaskiya da amana. Mun saba karanta irin wannan jeri kamar kowane hali zaman kansa yake. Binciken Kidd ya sa na fara zargin cewa a wurin yaro ƙarami a ɗaure suke: haƙurinsa yana tsirowa ne a kan gaskiyar wanda ya ce masa ya jira.

Kafin in baro Balan na tambayi yayana, da yarinyar ta jira, ina alawa ta biyun da zai ba ta? Ya laluba aljihun 'yar-shararsa, ya dube ni, ya yi dariya. Guda ɗaya ya saya.